Yadda ake riƙe fakitin buɗaɗɗiyar manhaja ba tare da karya aikin jama'a ba

Ranar da ka ɗora fakiti, wato kod ɗin da aka shirya don wasu su girka su yi amfani da shi, a PyPI ko npm (rumbunan fakitocin Python da na JavaScript), wani ya sauke shi ya sa a cikin aikinsa, fakitin ya tashi daga naka kai kaɗai. Kamar rijiya ce da ka haƙa a ƙofar gida don buƙatarka. Da zarar unguwa ta fara ɗiban ruwa, ba ka da damar rufe ta cikin dare, ba ka kuma da damar barin kowa ya zuba abin da ya ga dama a ciki.

Ina riƙe da wani ɗan ƙaramin fakitin Python mai gyara rubutun Hausa. Yana daidaita haruffa masu ƙugiya, yana jera kalmomi bisa tsarin baƙaƙenmu, yana tsabtace rubutun da aka kwaso daga wurare daban-daban. Ba shi da girma, amma ɗalibai da masu haɗa ƙamus na waya suna amfani da shi, kuma shi ya koya mini cewa mai riƙe fakiti alƙawari biyu ya ɗauka. Na farko, abin da ya yi aiki jiya ba zai lalace yau ba tare da an sanar ba. Na biyu, abin da mutane suke saukewa shi ne ainihin abin da kowa yake gani a ma'ajiyar kod, ba wani abu dabam ba. Misalaina na Python ne, amma mai aiki da JavaScript ko Rust zai gane nasa a ciki.

Fara da tabbatar da cewa fakitin yana haɗuwa a wajen kwamfutarka

Yawancin fakitocin da ke zuwa hannuna don dubawa suna aiki ne a kwamfutar mai su kaɗai, shi kuma bai sani ba. Saboda haka gwajin farko ba na kod ba ne, na haɗawa ne. Ka kwafo ma'ajiyar daga GitHub, shafin da ake ajiye kod, zuwa sabon babban fayil, ka buɗe sabon muhallin Python wanda ba komai a ciki, ka ba da umarnin `python -m build`. Zai fitar maka da fayiloli biyu: ɗaya mai ɗauke da tushen kod, ɗaya mai ƙarewa da `.whl` wanda shi ne mafi yawan mutane za su sauke. Ka girka wannan na biyun a wani sabon muhallin, ka fita daga babban fayil ɗin aikin, sannan ka gudanar da gwaje-gwajenka. Fitar nan tana da muhimmanci. In kana tsaye a cikin babban fayil ɗin aikin, Python na iya ɗaukar kod ɗin da ke gabansa maimakon wanda ka girka, sai ka ga komai lafiya alhali fakitin da za ka tura wa duniya da giɓi a cikinsa.

Giɓin da ya fi yawa shi ne fayilolin bayanai. A nawa fakitin akwai jerin kalmomin Hausa da aka saba rubutawa ba ƙugiya, tare da daidaitaccen rubutunsu. Wannan jerin ba kod ba ne, don haka kayan haɗawa ba lallai su ɗauke shi da kansu ba sai an gaya musu. Fayil ɗin `.whl` zip ne kawai. Ka buɗe shi ka duba da idonka, ka ga ko duk abin da ya kamata yana ciki, ka ga kuma ko wani abin da bai kamata ba ya shige, kamar fayil mai ɗauke da kalmar sirri.

Duk bayanin fakitin ka zuba shi a `pyproject.toml`: suna, lambar siga, abubuwan da yake dogara da su, da kayan da za a haɗa shi da su. In ka gaji tsohon fakiti mai `setup.py` wanda ke kiran tsohon kayan haɗawa `distutils`, wannan ne aikinka na farko, domin an cire `distutils` daga Python tun siga ta 3.12 da ta fito a Oktoban 2023. A wannan sigar ma, sabon muhalli ya daina zuwa da kayan haɗawa `setuptools` a ciki, abin da ya tona asirin fakitoci da dama da suka jima suna dogara da shi ba tare da sun ambata ba. Kada ka manta da layin `requires-python`. Shi ke hana pip, kayan girka fakitocin Python, bai wa mai tsohon Python sabuwar sigar da ba za ta yi masa aiki ba; sai ya ba shi ta baya wadda ta dace.

Lasisi kuwa ka zaɓi sananne, MIT ko Apache 2.0 ko GPL, ka sa cikakken rubutunsa a ma'ajiya. Kod ɗin da ba lasisi, ko da a fili yake, doka ba ta bai wa kowa izinin amfani da shi ba.

Gwaji, da abin da ƙugiya ta koya mini

Gwajin da ya fi daraja shi ne wanda ya samo asali daga ƙorafin mutum. Duk lokacin da wani ya kawo matsala, kafin in taɓa kod sai na rubuta gwajin da ke nuna matsalar, in gan shi ya faɗi, sannan in gyara, in gan shi ya wuce. Gwajin nan zai zauna har abada yana gadin wurin.

Bari in nuna yadda abin yake da rubutun Hausa, domin nan ne ƙananan abubuwa suke cizo. A Unicode, tsarin da ke bai wa kowane harafi lamba a kwamfuta, harafin ƙ yana lamba U+0199, ƴ yana U+01B4, ɓ yana U+0253, ɗ yana U+0257. Harafin z kuwa yana U+007A. Ma'ana, in ka bai wa Python kalmomi ka ce ya jera da `sorted`, zai kai "ƙasa" bayan "zomo", ya kuma sa "ƙofa" gaban "ɓera". Ba mai buɗe ƙamus ɗin Hausa da zai yarda da wannan. Ga kuma alamar da ke cikin "'ya'ya" da "sana'a", wadda ke zuwa a siffa uku aƙalla: miƙaƙƙiya ta allon madannai, lanƙwasasshiya da manhajojin rubutu ke sauya ta zuwa gare ta, da wata ta uku U+02BC. A ido kusan ɗaya suke, a wurin kwamfuta kalmomi uku ne mabambanta. Sannan abin da ake rubutawa 'y a Najeriya, ƴ ake rubuta shi a Nijar. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa gwajin a fakitina, da kalmomi na gaske, ba "abc" ba.

Abu na gaba, kada gwajin ya tsaya a kwamfutarka. Ka saita GitHub Actions, tsarin GitHub mai gudanar da aiki ta atomatik, ko makamancinsa, ya riƙa gudanar da su duk lokacin da aka turo canji, a kan Linux da Windows da macOS, da kowace sigar Python da ka ce kana goyon baya. Mutane da yawa suna tsallake Windows domin su a Linux suke aiki. Ga abin da ke faruwa: in kod ɗinka ya buɗe fayil da `open` bai faɗi `encoding="utf-8"` ba, a Linux ba za ka ga komai ba. A Windows mai saitin Turanci kuwa, Python zai karanta da tsarin cp1252, sai ƙ ta koma "Æ™". Babbar Ɓ ta fi muni, domin ɗaya daga cikin baitocinta ba shi da ma'ana sam a wancan tsarin, nan take shirin zai tsaya da kuskure. Mafi yawan ɗaliban da ke rubuto mini Windows gare su. Da ban sa shi a jerin gwaji ba, da su ne za su riƙa gano matsalolina bayan na riga na saki.

Akwai wata fa'ida ga irinmu: gwajin yana gudana a sabar wasu, wato kwamfutocinsu da ke intanet. Ko wuta ta ɗauke, ko data ta ƙare, aikin yana tafiya, kai dai ka duba sakamako a waya.

Python na fitar da sabuwar siga kowane Oktoba, kowace kuma ana kula da ita shekara biyar. Ka sa sigar gwaji ta mai zuwa a jerinka tun watannin damina, don ka ga abin da zai karye kafin masu amfani su gani. Wadda wa'adinta ya ƙare, ka sauke ta, ka ɗaga `requires-python`, ka rubuta a sanarwa. Ba zalunci ba ne. Masu tsohon Python za su ci gaba da samun tsohuwar sigarka.

In wani abu ya lalace ba ka san wane canji ya jawo ba, kada ka zauna kana karanta tarihi. `git bisect`, wani umarni na git (manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod), yana raba tarihin biyu-biyu har ya kama mai laifi. Canji dubu, mataki goma ya isa.

Lambar siga magana ce, ka faɗi gaskiya da ita

Tsarin da aka fi bi shi ne wanda Tom Preston-Werner, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa GitHub, ya rubuta: lambobi uku, kamar 1.4.2. Ta ƙarshe tana hawa in ka gyara kuskure. Ta tsakiya tana hawa in ka ƙara sabon abu ba tare da taɓa tsohon ba. Ta farko tana hawa in ka yi canjin da zai iya karya kod ɗin wani. A faɗe da sauƙi. Wahalar tana wurin gane mene ne karyawa.

Ga misali daga wurina. A ce fakitin yana jera "sh" da "ts" a ƙarƙashin s da t, wani malami ya rubuto ya ce a tsarin da yake koyarwa haruffa ne masu zaman kansu, a ba su gurbinsu. Hujjarsa tana da ƙarfi. Sunan aikin bai canja ba, abin da ake ba shi bai canja ba, layi kaɗan ne gyaran. Zuciya za ta ce maka gyaran kuskure ne, ka ɗaga lambar ƙarshe ka wuce. To amma akwai mai ƙamus ɗin waya da ya riga ya jera kalmominsa dubbai da tsohon tsari ya adana, manhajarsa kuma tana neman kalma ne bisa wannan jerin. Ranar da ya sabunta, neman zai fara ɓatar da kalmomi, ba kuma wani saƙon kuskure da zai fito. Wani injiniya mai suna Hyrum Wright, wanda ya yi aiki a Google, ya lura da wannan har aka sa wa abin sunansa: in masu amfani da kod ɗinka suka yi yawa, duk wata ɗabi'a tasa da ake iya gani, wani zai dogara da ita, ko ka yi alƙawarinta ko ba ka yi ba.

Abin da nake yi a irin wannan hali shi ne in ƙara zaɓi. Sabon tsarin ya shigo a siga ta tsakiya, amma sai wanda ya nema zai samu. Tsohon ya ci gaba da zama na asali. Wanda bai zaɓi komai ba, sai ya ga gargaɗi cewa na asalin zai sauya a siga ta 2.0, ga kuma layin da zai rubuta in yana son tsohon. A Python, ka lura cewa `DeprecationWarning` a ɓoye yake a mafi yawan lokuta, sai a wurin gwaji ake ganinsa. In kana son mai amfani na ƙarshe ya gani, `FutureWarning` za ka yi amfani da shi. Ka sa `stacklevel=2` don gargaɗin ya nuna layin mai kiran, ba layinka ba. Ka bar gargaɗin ya yi watanni. Sannan ka sauya.

Wasu suna fakewa a siga 0 shekara da shekaru, domin ƙa'idar ta ce kafin 1.0 komai na iya canjawa. Ban yarda da wannan ba. In mutane sun riga sun gina aikinsu a kan naka, alƙawarin ya hau kanka ko wace lamba ka rubuta. Ka fitar da 1.0.

Kowace siga ta zo da bayanin canje-canje wanda mutum ya rubuta don mutum. Ba jerin saƙonnin git ba. Abin da zai karye ya zo a sama, da yadda za a gyara.

Abubuwan da kake dogara da su

Duk fakitin da ka ƙara a jerin dogaronka, ka ɗora shi ne a kan duk wanda ya sauke naka. A ranar 22 ga Maris 2016, Azer Koçulu ya cire fakitocinsa daga npm bayan saɓani kan sunan wani fakiti. Cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal, aikinsa cike gurbi a hagun rubutu. Manyan ayyuka irin su Babel suka kasa haɗuwa, dubban ayyukan da ke bayansu suka tsaya, har sai da npm ta maido da shi cikin 'yan sa'o'i, daga baya ta tsaurara dokar cirewa. Kafin ka ƙara dogaro, ka tambayi kanka ko za ka iya rubuta abin a layi ashirin. In za ka iya, rubuta. In abu ne mai wuya kamar ɓoye bayanai ko lissafin lokaci, kada ka kuskura ka rubuta naka, ɗauki wanda aka daɗe ana gwadawa.

Akwai bambancin da sababbi ke yawan ruɗewa a kai. In manhaja kake haɗawa wadda za ta zauna a saba, ka kulle kowace siga daram a fayil ɗin kulle. In fakiti ne da wasu za su haɗa da nasu, kada ka kulle a `pyproject.toml`. Ka faɗi mafi ƙarancin sigar da ka gwada, ka bar sama a buɗe sai in ka san tabbas sabuwar tana karya ka. In ka kulle daram, wani fakitin ma ya kulle wata sigar dabam, pip zai rasa yadda zai yi, mai amfani ne zai sha wahala. Kayan aikinka na gwaji da haɗawa kuwa, su ka kulle, ka bar Dependabot ko Renovate, manhajojin da ke bibiyar sababbin sigogi, su riƙa turo maka sabuntawa ɗaya-ɗaya, gwaji ya tantance kowace.

Sakin siga: inda xz ya nuna mana rami

A ranar 29 ga Maris 2024, Andres Freund, injiniya a Microsoft kuma ɗaya daga cikin masu gina PostgreSQL, ya sanar da abin da ya gano. Ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, na cin ƙarfin na'ura fiye da kima, yana kuma ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi diddigi har ya kai ga xz, ƙaramar manhajar matse fayiloli da ke cikin kusan kowace Linux. A siga 5.6.0 da 5.6.1 an dasa ɓoyayyiyar ƙofa da za ta bai wa mai wani makulli damar gudanar da umarni a sabar mutane daga nesa. An kama ta tun tana rassan gwaji na Debian da Fedora, wasu nau'o'in Linux, kafin ta isa tsayayyun sigoginsu.

Abin da ya shafe mu masu haɗa fakiti shi ne yadda aka ɓoye ta. Mugun kayan yana cikin wasu fayilolin gwaji waɗanda aka nuna kamar lalatattun fayilolin matsewa ne, irin waɗanda ba mai iya karantawa da ido. Kunamar da ke tayar da shi kuwa tana cikin wani rubutun haɗawa mai suna `build-to-host.m4`, kuma wannan gurɓataccen rubutun babu shi a ma'ajiyar git. Yana cikin dunƙulen da aka saki ne kawai, wanda mutum ɗaya ya haɗa a tasa kwamfutar ya ɗora. Duk mai duba ma'ajiya ba zai gan shi ba. Masu rarraba Linux kuwa dunƙulen suke saukewa.

Saboda haka ni ba na sakin siga daga kwamfutata. Ga yadda nake yi. In gyara lambar siga da bayanin canje-canje, in tura, in jira gwaji ya wuce a dukkan tsarukan. In sa wa wannan canjin tambari a git, misali `v1.5.0`. Tambarin ne ke tayar da wani aiki a GitHub Actions wanda zai kwafo ma'ajiyar daga wannan tambarin, ya haɗa fakitin, ya girka shi, ya sake gwaji, ya ɗora a PyPI. Kowa na iya buɗe rajistar aikin ya ga daga ina fayil ɗin ya fito.

Wajen ɗorawa, kada ka ajiye makullin PyPI na dindindin a ko'ina. Tun Afrilun 2023 PyPI ta kawo tsarin da ta kira Trusted Publishers: kana gaya mata sunan ma'ajiya da sunan fayil ɗin aikin da ka amince da su, ita kuma ta riƙa bai wa wannan aikin makulli na 'yan mintuna duk lokacin saki. Ba abin da za a sata a ajiye. Tun 1 ga Janairu 2024 kuma ta wajabta tantancewa mataki biyu ga masu ɗora fakiti. Lambobin ceto da za ta ba ka, ka rubuta su a takarda ka adana a gida. Waya na faɗawa ruwa, ana kuma fizge ta a kasuwa.

Shi ma aikin atomatik ɗin yana da nasa rauni. A Maris 2025 an kutsa wani sanannen ɗan aiki na GitHub Actions mai suna tj-actions/changed-files, wanda ma'ajiyoyi sama da 23,000 ke amfani da shi. Maharan sun karkatar da tsofaffin tamburansa zuwa mugun kod mai zubar da sirrika a cikin rajistar aiki. Wanda ya kira shi da tambari ya kamu, wanda ya kira shi da cikakkiyar lambar canji ta git ya tsira, domin tambari ana iya matsar da shi, lambar canji kuwa ba a iyawa. Duk wani aiki na waje da ke cikin hanyar sakinka, ka kira shi da doguwar lambar nan mai haruffa 40. Ka kuma rage izinin kowane aiki zuwa karatu kawai, sai wanda ke ɗorawa.

Karon farko, ka gwada duk hanyar a TestPyPI, wato PyPI ta gwaji. Dalili kuwa, PyPI ba ta yarda a sake ɗora fayil da sunan da aka taɓa amfani da shi, ko da ka goge na farkon. In ka saki siga mai matsala, kada ka goge ta. Akwai maɓallin janyewa: pip zai daina zaɓar ta da kansa, amma wanda ya riga ya kulle wannan sigar daram zai ci gaba da samu, aikinsa ba zai tsaya ba. Sai ka fitar da gyara da sabuwar lamba.

Kuma kada ka saki siga da daren Alhamis in ka san Juma'a da Asabar ba za ka zauna gaban kwamfuta ba.

Mutane, da wanda za ka bai wa makulli

Ƙorafi zai zo iri-iri. Wani zai rubuto "ba ya aiki" kawai. Ka tanadi fom mai tambaya uku: wace siga, wane tsarin kwamfuta, da ɗan gajeren kod da ke nuna matsalar. Ka amsa da mutunci ko da an zo maka da zafi, sau da yawa mutumin ya kwana yana fama ne. In ɗalibi ya turo gyaransa na farko, ko harafi ɗaya ya gyara a bayani, ka gode masa da sunansa a bayanin canje-canje. Daga irinsu ake samun masu taimako na gaske.

Ka koyi cewa a'a. Mai turo sabon fasali zai tafi bayan mako guda, kai ne za ka riƙe fasalin shekaru. An taɓa turo mini babban gyara mai ƙara juyar da boko zuwa ajami. Aikin yana da kyau, ina kuma son ganin an yi shi, amma ban san ƙa'idojin rubutun ajami sanin da zan iya tsaya masa ba in ƙorafi ya zo. Na gaya wa mai shi hakan, na ba shi shawara ya fitar da shi a matsayin fakitinsa, na sa mahaɗi zuwa gare shi a bayanin nawa.

Ka ajiye fayil `SECURITY.md` mai faɗin yadda za a sanar da kai raunin tsaro a asirce. GitHub na da hanyar karɓar irin wannan rahoto ba tare da jama'a sun gani ba. Ka kunna ta.

Sai batun da ya fi kowanne nauyi. Wanda ya dasa ƙofar xz, mai amfani da sunan Jia Tan, bai fasa komai ya shiga ba. Tun 2021 ya fara turo gyare-gyare masu amfani. A 2022 wasu asusu suka riƙa matsa wa Lasse Collin, wanda ya daɗe yana riƙe da xz shi kaɗai ba biya, cewa aiki ya tsaya, ya nemi mataimaki. Sannu a hankali Jia Tan ya samu ikon sakin siga. Kafin wannan, a 2018, Dominic Tarr ya miƙa fakitin event-stream na npm, wanda ake saukewa kusan sau miliyan 2 a mako, ga wani baƙo da ya nema, domin shi ya daina amfani da fakitin. Baƙon ya ƙara wani dogaro mai ɗauke da kod ɗin satar kuɗin Bitcoin daga manhajar Copay. Ba na ganin laifin Collin da Tarr. Sun yi wa duniya aiki kyauta har suka gaji, kamfanonin da ke cin moriyar aikin kuwa ba su aiko da taimako ba. Gajiyar ce maharan suka nema, ita suka samu.

Don haka ka raba iko hawa-hawa. Ikon rufe ƙorafi da sa masa alama, ka bayar da wuri. Ikon haɗe gyara, ka bayar bayan ka daɗe kana ganin aikin mutum, kuma ka saita babban reshe yadda ba mai haɗe nasa gyaran sai wani ya duba, har da kai. Ikon sakin siga shi ne na ƙarshe, ga wanda ka sani fiye da suna da hoto a intanet, wanda kuka yi magana baki da baki ko wani da ka amince da shi ya san shi. Duk gyaran da ya taɓa fayilolin haɗawa, ko aikin atomatik, ko ya ƙara fayil ɗin da ba a iya karantawa, ka duba shi layi-layi ko daga wa ya fito; fayilolin gwaji irin waɗannan gara a riƙa samar da su da ɗan kod da kowa zai iya karantawa. In ka ga sababbin asusu sun taru suna matsa maka lamba ka miƙa ragama, ka ƙara jinkirtawa.

In kuma ka gaji, hakkinka ne ka ajiye. Ka rubuta a saman bayanin fakitin cewa ka daina kula da shi daga wata kaza, ka ambaci wani fakitin da zai maye gurbinsa in akwai, ka fitar da siga ta ƙarshe mai ɗauke da wannan sanarwa don ta bayyana a shafin PyPI, sannan ka mayar da ma'ajiyar ta karatu kawai. Kada ka goge komai. In baƙo ya zo yana neman ya ci gaba, ka ce masa lasisi ya ba shi damar kwafar kod ɗin ya fitar da sabon suna, masu amfani su koma wurinsa da zaɓin kansu bayan sun duba aikinsa. Sunan fakitin da asusun PyPI su ci gaba da zama a hannunka, da tantancewa mataki biyu a kunne.